Daga Sansanin Soja Zuwa Bakin Muskingum: Kundin Aikina Kan Iyalin Putnam

11 ga Janairu, 2025

Tsarin shirin ya zauna. Jerin sauti ne cikin Hausa, kashi-kashi, kowanne kamar minti 20, kuma duk a kan gida ɗaya: gidan Rufus Putnam, mutumin Massachusetts da ya yi soja a yaƙe-yaƙe biyu, daga baya ya ja 'yan mazan jiya suka haura duwatsu suka kafa garin Marietta a 1788, daidai inda kogin Muskingum ke zuba cikin kogin Ohio. Shi ne gari na farko da Amurkawa suka kafa da izinin gwamnatinsu a arewacin kogin bayan sun rabu da Ingila. Mu da muke zaune a Columbus, tafiyar awa 2 ce kawai a mota, amma kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa jin yadda aka yi ƙasar da muke takawa ta shiga hannun waɗanda muka tarar.

Abin da ya ja ni ga wannan gida shi ne bashi. Gwamnati ta ci bashin sojojinta, baitulmali babu ko anini, sai ta ce za ta biya su da ƙasa. Ƙasar kuwa tana da masu ita, ƙabilun 'yan asalin wurin: Delaware, Shawnee, Wyandot, Miami da sauransu. Matar Putnam da 'ya'yansa sun yi shekara da shekaru suna jiran wannan biya, da aka biya su kuma sai suka tsinci kansu a kulle cikin ganuwa. Ina so mai sauraro ya bi bashin nan tun daga ranar da aka ci shi.

Wani abokina ya yarda zai riƙa gyara sautin. Kawuna da ke gida, wanda ya yi ritaya daga soja tun da daɗewa, shi zai fara jin kowane kashi ta WhatsApp kafin a sake shi.

26 ga Janairu, 2025

Rubutun kashi na ɗaya ya kusa. An haifi Rufus ranar 9 ga Afrilu, 1738, a Sutton. Yana ɗan shekara 7 mahaifinsa ya rasu. Mijin uwarsa mai mashaya ne, bai ga amfanin karatu ba, sai yaron ya riƙa tara 'yan kuɗin da baƙi ke ba shi yana sayen littafin lissafi. Da ya kai 16 aka kai shi koyon sana'ar gina injinan niƙa masu aiki da ruwa. Gatari, awo da lissafi: da su ya ci abinci har ƙarshen ransa, a soja da wajen soja.

A 1757 ya shiga yaƙin da Ingila ke yi da Faransa a kan mallakar Arewacin Amurka. Akwai abu ɗaya daga wannan yaƙi da na ba shi kusan rabin kashin, domin shi ne mabuɗin halin mutumin. Sojojin Massachusetts na lokacin da wa'adi suke shiga, an rubuta ranar sallama a takarda. Wa'adin ƙungiyarsu ya cika a farkon Fabrairun 1758 suna Stillwater, a yankin New York, amma hafsoshin Ingila suka ƙi sakin su. Sai kyaftin ɗinsu, Ebenezer Learned, ya shige gaba, suka fice da dare suka nufi gida ta cikin daji. Suka ɓata hanya a dusar ƙanƙara, guzuri ya ƙare, ƙafafun wasu suka daskare, har ta kai su ga yanka karen da ya biyo su suka ci. Da ƙyar suka kai wani sansani na Massachusetts.

A idon hafsan Ingila wannan gudun soja ne. A idonsu kuwa alkawari aka karya, kuma wanda ya karya shi ne mai laifi. Abin da ya ƙara burge ni shi ne bai yi fushi da aikin ba: ya sake shiga soja a shekarar, ya ci gaba har 1760. Mutum ne da ya ɗauki soja a matsayin ciniki tsakanin mutum da hukuma, kowa da abin da ke wuyansa.

9 ga Fabrairu, 2025

Na ɗauki kashi na ɗaya. Ƙarar na'urar ɗumama ɗaki ta shiga ƙarƙashin murya, abokina ya ce zai iya rage ta. Daga yanzu da asuba zan riƙa ɗauka, in kashe na'urar in yafa bargo.

Kashi na biyu ya fara da aure. Matarsa ta farko, Elizabeth Ayres, ta rasu ba a daɗe da auren ba, jaririn da ta bari ma bai yi rai ba. A 1765 ya auri Persis Rice, wadda suka zauna tare shekara 55. 'Ya'yansu da suka girma mata 6 ne da maza 2. Ya koyi aikin safiyo da kansa, yana noma yana awon filayen mutane.

A 1773 aka yaɗa cewa Sarkin Ingila zai ba 'yan mazan jiya filaye a can kudu, wajen kogin Mississippi. Rufus ya bi ɗan'uwansa Israel Putnam suka yi doguwar tafiya ta teku, suka auna daji, suka dawo, maganar ta bi ruwa. Karo na farko ke nan da aka nuna masa ƙasa a matsayin ladan yaƙi.

Sai 1775. Ana jin labarin arangamar Lexington da Concord, wadda ta buɗe yaƙin neman 'yancin Amurka, ya koma soja a matsayin laftanar kanar, wannan karon a kan Ingila. Abin da ya fito da sunansa ya faru ne a tudun Dorchester da ke kallon Boston. George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, yana son dasa igwa a kan tudun, amma ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa. Putnam ya ari wani littafin injiniyan soja, ya ga dabarar harhaɗa firam na katako a cika shi da damman ƙirare. Aka shirya su a ɓoye, aka haura da su a daren 4 ga Maris, 1776. Gari na wayewa Turawan Ingila suka ga ganuwa da bakin igwa a saman kansu. Ranar 17 ga Maris suka bar Boston. Daga nan ya riƙe runduna ta 5 ta Massachusetts, ya yi yaƙin Saratoga a 1777, ya gina sansanin da ake kira da sunansa a West Point.

Duk tsawon wannan lokaci Persis ce ke riƙe da gida da gona da yara ƙanana. Na yanke shawarar duk inda na ambaci wani fagen daga, zan faɗi shekarun yaran a wannan shekara, don mai sauraro ya san abin da aka bari a baya. Babban ɗansu namiji, William Rufus, bai kai shekara 4 ba uban ya tafi, yana dawowa ya tarar da shi ya haura 11.

2 ga Maris, 2025

Wannan kashi shi ne zuciyar shirin, kuma ya fi kowanne wuyar rubutu, domin maganar kuɗi ce ba ta harbi ba.

Tun 1776 Majalisar Amurka ta yi alkawarin fili ga duk wanda ya tsaya har ƙarshen yaƙi: ƙaramin soja eka 100, kanar eka 500. Albashi kuwa da kuɗin takarda ake biya, wanda darajarsa ta zube har ya zama abin zolaya a kasuwa. Da yaƙi ya ƙare a 1783 aka sallami mutane da takardun shaidar bashi, a kan cewa wata rana gwamnati za ta fanshe su. Mai iyali ba ya cin wata rana. Da yawa suka sayar wa 'yan baranda, takardar dala ɗaya a kan abin da bai fi kashi ɗaya cikin takwas ba. A watan Yunin 1783, a sansanin Newburgh, Putnam, wanda ya zama birgediya janar a farkon shekarar, ya tattara sa hannun hafsoshi 288 a kan takardar koke: a ba su ƙasa a yankin Ohio a madadin abin da suke bi. Washington ya goyi baya ya miƙa wa Majalisa. Majalisa ta ajiye.

Na tura wa Kawu. Amsarsa ta zo da dare, ta fi minti goma. Ya ce, "Ɗana, ka yi sauri a wurin takardar nan. Tsaya a kanta. Ka faɗa musu yadda mutum ke naɗe ta a leda, ya sa ƙarƙashin katifa, duk wata ya ciro ya duba. Ni na san nauyinta." Na ce, "Ranka ya daɗe, to wanda ya sayar fa?" Ya ce, "Kada ka zarge shi. Yaro na kuka ba a nuna masa takarda." Shekarun da ya yi yana bin haƙƙinsa bayan ritaya ba abin da zan saka a shirin ba ne, amma na sake rubuta wurin, na ba shi numfashi.

Akwai wani abu mai ɗaci da ba zan tsallake ba. A 1786 manoman yammacin Massachusetts, da yawansu tsofaffin sojoji da haraji da bashi suka shaƙe, suka yi bore suka hana kotuna zama. Jagoransu Daniel Shays ya taɓa zama kyaftin a ƙarƙashin Putnam. Putnam ya bi rundunar da aka tura ta murƙushe su. Ciwo ɗaya ke damun su biyun, amma ɗaya yana da muƙami da abokai a sama da gida babba a Rutland, gidan da aka ƙwace daga wani mai goyon bayan Sarkin Ingila aka sayar masa. Ɗayan kuwa sai gudun hijira zuwa Vermont. Ina girmama Putnam, amma a nan zuciyata tana wajen Shays, kuma zan faɗi haka a shirin.

22 ga Maris, 2025

Kashi na huɗu, kamfani da doka. A watan Janairun 1786 Putnam da abokinsa Benjamin Tupper suka kwana suna shawara a gidan Rutland, suka fitar da sanarwa a jaridu. Ranar 1 ga Maris wakilai suka haɗu a wata mashaya a Boston suka kafa Ohio Company of Associates. Dabarar mai sauƙi ce: hannun jari ɗaya dala 1,000 na waɗancan takardun bashi, da dala 10 tsaba. Takardar da kasuwa ta raina, gwamnati dole ta karɓe ta a kan cikakkiyar darajarta, tunda ita ta rubuta. Wani limamin coci mai wayon magana, Manasseh Cutler, shi ya je New York ya yi cinikin da Majalisa a 1787, aka shirya a kan kusan eka miliyan ɗaya da rabi.

A wannan bazarar ce, 13 ga Yuli, Majalisa ta zartar da dokar mulkin yankin. Sashe na 6 ya haramta bauta a cikinsa. Sashe na 3 ya ce za a yi wa 'yan asalin ƙasar gaskiya, ba za a karɓi ƙasarsu ba sai da yardarsu. Zan karanta ma'anar sassan biyu a jere, ba tare da sharhi ba, domin kashi na bakwai zai yi sharhin da kansa.

Na zana taswirar da za ta bi shirin. Hanyar ta taso daga Massachusetts da Connecticut, ta ratsa Pennsylvania, ta haura duwatsun Allegheny, ta sauka a kogin Youghiogheny, wurin da yau ake kira West Newton. Ayari na farko ya tashi a Disamban 1787, na biyu ranar 1 ga Janairu. A kan duwatsu dusar ƙanƙara ta hana kekunan doki tafiya, sai da suka sassaƙa abin ja a kan ƙanƙara suka ɗora kaya. A bakin kogi suka gina jiragensu da hannunsu, suka bi ruwa zuwa Monongahela, zuwa Ohio. Mutum 48, duk maza: masu awo, kafintoci, maƙeri, masu saran daji.

12 ga Afrilu, 2025

Na je Marietta don ɗaukar sautin wuri da ganin gidan. Na fara da inda kogunan suka haɗu. Ruwan Muskingum ya fi duhu, kana ganin layin da ya ja kafin ya narke cikin Ohio. A tsallake, inda unguwar Harmar take yanzu, nan ne sansanin sojan da aka gina a 1785, kuma aikinsa na farko shi ne korar Turawan da ke tsallakowa su zauna ba izini. Ranar 7 ga Afrilu, 1788, hazo ya rufe bakin kogin har babban jirgin ya zarce, sojojin sansanin ne suka jawo shi da igiya. A gaɓa suka tarar da wani shugaban Delaware da Turawa ke kira Captain Pipe, da jama'arsa, sun zo cinikin fatu. Suka yi musu maraba. Garin ya samu sunansa ne daga Marie Antoinette, matar Sarkin Faransa, don godiya ga taimakon da Faransa ta yi musu a yaƙi.

Putnam bai yarda da maraba kaɗai ba. Ya zaɓi wani tudu nesa kaɗan da bakin ruwa ya sa aka fara ginin da suka kira Campus Martius: murabba'i, kowane gefe kamar ƙafa 180, gidajen bene a jere su ne bangon, kowace kusurwa da hasumiyar tsaro, rijiya a tsakar gida. An rushe shi bayan yaƙin da aka yi da 'yan asalin ƙasar, gida ɗaya ne ya rage a inda yake, na Putnam, kuma gidan tarihi aka gina ya lulluɓe shi, wato gida cikin gida.

Na daɗe a ciki. Bangon katakai ne masu kaurin inci 4, an haɗa su da turakun itace, kuma sawun kayan aiki yana nan a jikinsu, kana iya bin inda hannun mai sassaƙa ya karkata. Bangon da ke ɗakin girki shi ne bangon ganuwar gari. Wato Persis tana tuƙa abinci a murhu, abin da ke tsakaninta da harsashi bai wuce faɗin tafin hannu ba. Matakalar bene ƙunci gare ta, sai ka karkata kafaɗa. Na ɗauki ƙarar takun ƙafa a kan daɓen katakon, da ita kashi na biyar zai buɗe.

A harabar akwai ɗan ƙaramin ofishin filaye na kamfanin, ɗaki guda. A irin wannan ɗaki aka mai da dajin farautar mutane zuwa lambobi a takarda.

10 ga Mayu, 2025

Kashi na shida, yunwa da isowar iyali. Iyalai na farko sun iso a Agustan 1788, cikinsu har da na Tupper. Putnam bai kawo nasa ba tukuna, yana kai da komo tsakanin Rutland da Marietta, kuma jinkirin ya tsirar da su daga mummunar shekara. A kakar 1789 sanyi ya sauko da wuri ya kama masara ba ta ƙosa ba, ta ruɓe a rumbu, mai ci sai amai. Namun daji sun yi ƙaranci, kuma mazaunan sun rubuta cewa mafarautan 'yan ƙasar ne suka karkashe su da gangan a kewayen garin don baƙi su gaji su tafi. A farkon 1790 agana ta shigo ta jirgin ruwa. Kafin sabuwar masara ta nuna mutane sun koma cin ganyen daji.

A tsallaken Ohio, ɓangaren Virginia, akwai wani tsohon mafarauci, Isaac Williams, wanda ya shuka da wuri ya samu amfani mai kyau. 'Yan baranda suka zo saye gaba ɗaya da tsada, ya ƙi. Ya riƙa sayar wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa, a kan farashin da aka saba, marar kuɗi ya ba shi bashi. Garin Williamstown da ke wurin yau sunansa ne. Shi da matarsa Rebecca ba 'yan kamfani ba ne, ba su da muƙami, irin mutanen da hafsoshin New England, wato yankin su Massachusetts, ke yi wa kallon 'yan daji. Na ba su minti biyar cur, sun cancanci fiye da haka.

A Nuwamban 1790 Putnam ya iso da Persis da yaran, har da jikoki. Shekarunta sun haura 50. Ta bar gida mai ɗakuna da gona da makwabtan da ta sani, ta yi makonni a keken shanu da jirgin ruwa, ta shigo ɗakunan da na gani a watan jiya. Makonni kaɗan kafin isowarsu rundunar Janar Josiah Harmar ta sha kashi a hannun Miami da ƙawayensu a can arewa maso yamma. Labarin yana isowa kusan tare da su.

8 ga Yuni, 2025

Mun yi gardama da abokina a kan kashi na bakwai, gardama mai amfani.

Abin da ya faru shi ne, wasu samari suka haura Muskingum kamar mil 30 suka kafa sabon mazauni a wani fili da ake kira Big Bottom. Sun ɗaga gidan tsaro amma ba su toshe ramukan bango ba, ba su sa mai gadi ba. Ranar 2 ga Janairu, 1791, da magariba suna cin abinci, mayaƙan Delaware da Wyandot suka faɗa musu. An kashe fiye da mutum 10, har da mace da yara, aka tafi da wasu. Kwana shida bayan haka Putnam ya rubuta wa Shugaba Washington yana neman sojoji. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin Campus Martius, wasu suka gina nasu ganuwar a Belpre da Waterford. Shekara 4 ana noma da bindiga a kafaɗa, wasu na huɗa wasu na gadi, ƙofa na rufe da faɗuwar rana. Watanni biyu kacal Persis ta samu kafin wannan.

Abokina yana so kashin ya buɗe da Big Bottom, ya ce nan ne mai sauraro zai kama kujera. Na ce a'a, zai buɗe da Gnadenhutten. A kan reshen wannan kogi ɗaya, Tuscarawas, a watan Maris na 1782, 'yan sa-kai daga Pennsylvania suka tara Delaware 96 da suka karɓi Kiristanci, waɗanda ba sa yaƙi da kowa, maza da mata da yara, suka kulle su dare ɗaya suna addu'a, da safe suka kashe su da guduma. Ba a hukunta kowa ba. Shekara 9 ne tsakanin wannan da Big Bottom, kuma duk Badelaware da ya kai shekarun riƙe bindiga a 1791 ya san labarin.

Sannan ga maganar iyaka. Tun yarjejeniyar Fort Stanwix ta 1768 'yan ƙasar suka riƙe cewa kogin Ohio ne iyaka. Da Ingila ta miƙa yankin ga Amurka a 1783 ba a gayyace su ba, ba a ma ambace su a takardar ba. Yarjejeniyar da gwamna Arthur St. Clair ya ƙulla a sansanin Harmar a Janairun 1789, ido da ido da Marietta, Shawnee da Miami ba su halarta ba, waɗanda suka sa hannu kuma ba su da ikon sayar da ƙasar kowa. Wanda ya ji Big Bottom ba tare da waɗannan ba zai ɗauka mugunta ce ta faɗo daga sama.

Ya ce to kada in mai da samarin Big Bottom masu laifi. Ya yi gaskiya, ba su suka yi Gnadenhutten ba, yawancinsu yara ne a lokacin. Muka tsaya a kan haka: Gnadenhutten a farko, Big Bottom a tsakiya, kuma a ba matattun kowane ɓangare lokaci daidai da nutsuwa daidai.

6 ga Yuli, 2025

An gama gyaran kashi na bakwai. Kawu ya saurara, bai ce komai a kan tsarin ba, sai ya tambaya, "Waɗanda suka ba da umarnin a ba sojoji wannan ƙasa, akwai wanda ya kwana a cikin ganuwar?" Na ce, "Babu, Kawu, suna New York da Philadelphia." Ya ce in tabbata na faɗa.

Kashi na takwas zai yi sauri a kan yaƙin, domin ba a Marietta aka yi shi ba. Ranar 4 ga Nuwamba, 1791, haɗakar mayaƙa ƙarƙashin Little Turtle na Miami, Blue Jacket na Shawnee da Buckongahelas na Delaware suka tarwatsa rundunar St. Clair, sojoji fiye da 600 suka mutu. A 1792 aka tura Putnam Vincennes ya ƙulla sulhu da ƙabilun kogin Wabash. Takardar da ya kawo ta amince cewa ƙasar tasu ce, suna da ikon su sayar ko su ƙi, kuma Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da ita. A shekarar ce Majalisa ta ware eka 100,000 a gefen filin kamfanin, ana ba duk namijin da zai zauna da bindigarsa eka 100 kyauta. Talakawa ne aka jera a matsayin shinge. Janar Anthony Wayne na sojojin Amurka ya ci nasara a Fallen Timbers ranar 20 ga Agusta, 1794, yarjejeniyar Greenville ta 1795 ta miƙa mafi yawan abin da ya zama jihar Ohio.

Daga nan aka buɗe ƙofofi. Aka sayar da katakan ganuwar, Putnam ya sayi na hasumiyar da ke maƙwabtaka da shi ya faɗaɗa gidansa. A 1796 Washington ya naɗa shi babban safiyon ƙasa, ya riƙe har Shugaba Jefferson ya sauke shi a 1803.

3 ga Agusta, 2025

Rubutun kashi na tara ya yi nisa. Shi ne kashin da garin ya zama gari. Makarantar Muskingum Academy a 1797. Jami'ar Ohio a Athens a 1804, a kan filayen da kamfanin ya ware tun a cinikin farko, Putnam na cikin amintattunta. Sana'ar ƙera jiragen teku a wurin da ke da nisan fiye da mil dubu daga teku: Abraham Whipple, tsohon kwamandan sojan ruwa da shi ma yaƙi ya bari da bashi, ya tuƙa jirgin farko ya gangara Ohio da Mississippi har Havana. Takunkumin ciniki na 1807 ya kashe sana'ar. Yaran gidan suka yi aure suka bazu, William Rufus ya zauna a Marietta, Edwin ya koma sabon garin da uban da abokansa suka yanka a tsallaken Zanesville.

A taron rubuta tsarin mulkin jiha na 1802 a Chillicothe, Putnam da Ephraim Cutler, ɗan Manasseh, suna cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan kada a buɗe wa bauta ƙofa. Wannan abin yabo ne kuma zan yabe shi da baki cike, tunda tsallaken kogi kawai ake sayar da mutane irinmu. Zan kuma faɗi cewa taron nan ya hana baƙar fata ƙuri'a, kuma a 1804 jihar ta kafa dokokin da suka ƙuntata musu zama.

Persis ta rasu a 1820, Rufus ranar 4 ga Mayu, 1824, yana da shekara 86. An binne su a maƙabartar da ke kewaye da wani babban tsibin ƙasa mai tsayin kusan ƙafa 30, wanda mutanen da suka riga kowa zama a wurin suka tara tun kafin zuwan Turawa da ƙarnuka masu yawa. Kamfanin ne ya hana a rushe shi da sauran gine-ginen ƙasa na garin tun 1788, abin da garuruwa da yawa ba su yi ba. Hafsoshin yaƙin neman 'yanci da dama suna kwance a gindinsa. Ina buƙatar komawa can in ɗauki sauti, in kuma tsaya a Big Bottom da Gnadenhutten a hanya ɗaya.

Na ƙara kashi na goma wanda babu shi a tsarin Janairu. Zai bi masu ƙasar bayan Greenville: Delaware da aka yi ta turawa yamma, Indiana, Missouri, Kansas, har Oklahoma inda suke da hedikwata a Bartlesville da Anadarko, Shawnee da aka kwashe a farkon shekarun 1830, Wyandot da suka bar Upper Sandusky a 1843, su ne na ƙarshe. Don wannan kashi ina so in dogara da abin da al'ummomin suka wallafa da kansu game da tarihinsu, kuma na fara tattarawa. Abokina zai yi tafiya gida a watan Satumba, don haka kashi na takwas da na tara dole su shiga hannunsa kafin ƙarshen wannan wata. Kashi na ɗaya zuwa na huɗu za su fita tare a makon farko na Oktoba, in Allah ya yarda.